Hannun Jatau a Gaban Kwamiti

A duk faɗin ƙasar Nijar babu garin da ya riga Tsaunin Gawo ɗora talaka a kan mai bindiga. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, tutar bariki ma ba ta fara koɗewa ba, sabon kwamandan garin ya dawo daga wani ɗan karatu a ƙetare da labarin cewa a manyan biranen duniya mutanen gari ne ke zama su binciki 'yan sanda idan sun ci zali. Biranen da yake faɗa masu 'yan sanda dubbai ne. Tsaunin Gawo kuwa ɗan tudu ne a ƙasar Arewa, mazaunin ƙabilar Arawa, tsakanin Dogon Dutsi da Matankari, kuma duk gardawan barikinsa in sun zauna cin tuwo tabarma guda ke isarsu. Wannan bai karya wa kwamanda gwiwa ba.

Gardi shi ne ɗan sandan bariki, mai jar dara da bindiga a kafaɗa, wanda Nasara ya bari tare da kujeru da tebura lokacin da ya tafi. Ranar mulkin kai an canza masa tambarin hula. Bulalar ba a ga dalilin canza ta ba, tunda ba ta tsufa ba. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu in gardi ya dake ka kana da wurin kai ƙara, kuma dokar kwamanda gajera ce: duk gardin da kwamiti ya ce ya ci zali, a ɗauke shi daga wurin da yake aiki.

Kwamanda mutumin bakin kogi ne, baƙo a Arewa, ya kuwa yi zaɓen 'yan kwamiti da tsoron Allah don kada wani ɓangare ya ce an bar shi. Shugabanci ya ba Mushe Hilaire (mushe shi ne malam a Faransanci), malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ya yi karatu wurin 'yan mishan na Dogon Dutsi, mutumin da ba a taɓa jin ya karɓi ko ƙwai daga uwayen yara ba. Ya sa Sallau don manoma, ya sa Henriette, ungozomar gidan likita, don mata. Da aka tuna masa da masu bori, ya ƙara da wani tsoho da ke yi wa doguwa, aljanar garin, yanka. Kirista da Musulmi da mai tsafi a benci guda. Kwamanda ya ce ko a Turai ba su kai nan ba. Bai lura cewa dukkansu Arawa ne ba. Da ya lura ma da bai ga komai a ciki ba.

Mai shela ya zaga gari ya faɗa wa kowa cewa wanda gardi ya zalunta ya zo ya faɗi, ba tsoro. Gardi ne ya raka shi, don a saurara da kyau. Kwamiti ya yi ta zama yana watsewa ba wanda ya zo, har ranar da aka kawo masa ƙarar farko, ta Jatau.

An haifi Jatau a rugar da ke gefen gonar baban Sallau. Tun kakanni haka ake: in an yi girbi Fulanin gidansu su kora shanu cikin gonar su ci kara su bar taki, in rani ya yi su sha a rijiyar gari. Ba a taɓa rantsuwa a kan wannan ba. Abin da ke riƙe da shi wasa ne. Bafillace da Ba'are taubasan juna ne. Kowa na iya zagin kowa tun daga kaka, ya cire masa hula a tsakiyar kasuwa, ya kama kazarsa ya tafi da ita, kuma wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya. In saniyar Bafillace ta faɗa gonar Ba'are, abin da a wata ƙasa sai an kai gaban alƙali nan zagi ne ke kashe shi: a zagi juna har a gaji, a sha fura, a rabu.

Kowa na yin wasan, amma Jatau baiwa aka ba shi. Ana ba da labarin ranar da ya fara bin uwarsa tallar nono, ya ga wani tsohon Ba'are da tsagar gado, wadda ke tashi daga gefen baki har kunne, ya tsaya ya tambaya da ƙarfi wa ya cire wa wannan linzaminsa ya bar shi yana yawo cikin kasuwa. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ba shi kaza. Uwarsa ta mintsine shi don mutunci, ta karɓi kazar.

Ya girma dogo, siriri, fari kamar yadda sunansa ya nuna. Ran kasuwa mutane kan bar ciniki su bi shi. Shi ya ce wa masu bori doguwar da suke durƙusa wa 'yar rugarsu ce, ta fasa ƙwarya ne ta gudo, in sun gaji da ita su maido ta. Shi ya ce Ba'are in ya hangi kindirmo sai ya manta sunan ubansa. Su kuma su ce masa ɓarawon kara, mai ƙafa kamar sillen dawa, wanda bai san uwarsa ba sai saniya. Ya karɓa ya mayar masu ninki. A zamanin Nasara wani gardi Ba'are ya zo ruga kamun samari don aikin hanya, Jatau ya tare shi da zagi tun daga bakin shinge, bai ƙyale shi ba sai da mutumin ya zauna ƙasa yana roƙon a bar shi ya numfasa. Ya sha nono ya tafi, ya kama na rugar gaba. Tun daga nan Jatau ya yanke cewa jar dara hula ce kamar kowace.

Ranar da baban Sallau ya rasu, gida ya cika da kuka, Jatau ya zo ya zauna a ƙofa ya ce ba wanda zai fita da bawansa, ƙarya yake yi, gudun noma ne, kowace damina haka yake. Matar mamacin, wadda ta ƙi sa komai a baki, ta fashe da dariya hawaye na zuba, aka samu ta sha kunu. Sallau bai manta da wannan ba. Yakan ce a duk Arewa ba shi da ɗan'uwa kamar wannan ɓarawon.

Binta matar Jatau kaɗai ce ba ta dariya. Ta ce duk ta riga ta ji su a ruga, lokacin da ake gwada su a kan shanu.

Cikin kyaututtukan mulkin kai har da rijiyar siminti. An gina ta a bayan gari, mai zurfi, da komaye na shayar da dabbobi, kuma da mutane suka ga ba ta zubewa sai suka bar tsofaffin rijiyoyi suka rufta. Kowa ya dawo baki guda: mata da tuluna, masu jakai, makiyaya da wasaki, babban gugan fata da ake ja wa garke. Rigima ta yi yawa kan wa zai fara, aka ce a ajiye gardi ya riƙa faɗin wa zai sha, wa zai jira. Aka turo wani daga Dogon Dutsi, sunansa Mani, ƙato, marar magana, fuska sumul ba tsaga, yadda 'ya'yan bariki da yawa suke tashi.

Jatau ya iso da hantsi, shanu a gaba, ya ga sabuwar fuska a bakin rijiya. Ya ji daɗi irin na manomin da ya tsinci gonar da ba a taɓa sa wa gatari ba. Mata suka ajiye tuluna, don sun san abin da ke tafe.

"A'a, jama'a, wa ya ba bawana bindiga?" in ji shi. "Kai, matso in gane ka. Ina linzaminka? Ka tsere tun ba a sa maka ba ko? To aje sandar Nasara ka ja mini ruwa, shanun ubangidanka na jin ƙishirwa."

Mani ya bi shi da ido. Jatau ya ɗauka irin masu nauyin bakin nan ne da sai an taimaka masu. Ya miƙa hannu ya ɗauke jar darar daga kan Mani, ya rataya ta a ƙahon bijiminsa, ya ce ga wanda ya fi dacewa da aikin gwamnati. Bijimin ya kewaya rijiya da hular hukuma a ka, mata na riƙe ciki.

Gindin bindiga ya sauka a kafaɗar Jatau. Dariya ta ƙaru. Wata ma ta rangaɗa guɗa, yau dai an sami Ba'aren da ya rama. Jatau kansa yana ƙasa yana dariya, amsa ta riga ta zo masa baki, ya ɗaga hannun dama don a dakata a ji ta. A kan hannun bindigar ta sauka, ta kuma sake sauka. Na gaba suka yi shiru don sun ji ƙarar ƙashi. Na baya ba su ji ba, suka ci gaba da dariya har Mani ya je ya ciro hularsa, ya kakkaɓe ta, ya sa.

Maɗori ya ɗaure hannun da kara, ya yi tofi. Ƙashin ya haɗe, amma ba inda Allah ya ajiye shi tun farko ba. Hannun ya koma kamar lauje, yatsun ba su rufewa, wasaki cike da ruwa kuwa ba a ɗaga shi da hannu guda. Binta da 'yarsu Hawwa'u suka koma ja. Wannan ma da sauƙi. Tun daga ranar Mani ya mai da garken Jatau na ƙarshe, bayan mata, bayan jakai, bayan baƙin makiyayan da suka sauka jiya, sai rana ta karkata rijiya ta fara ba da laka. Shanu su lashi gindin komi su juya. Rani bai yi tsakiya ba maruƙa suka fara kwanciya ba su tashi.

Binta ce ta ta da zancen, tana tatsar saniyar da ta kasa rufe gindin ƙwarya.

"Maigida, an ce akwai masu zama a bariki, in gardi ya ci zali su ɗauke shi."

"An ce."

"To ka tahi."

"In kai ƙarar Ba'are? Gaban Arawa? Da wane baki?"

"Da wanda ya jawo muna wanga." Ta karkata masa ƙwaryar ya gani. "Ni ban ce a kashe shi ba. A ɗauke shi daga rijiya, shanu su sha da sahe. Ko sai sun ƙare ka samu abin ban dariya ka hwaɗi a kai?"

Ba a taɓa jin wani ya yi maganar ƙarshe a gaban Jatau ba sai ranar.

An yi zaman a rumfar gaban bariki, a kan bencinan lakwal. Gari ya taru, don ba a taɓa ganin kwamiti yana aiki ba, kuma an ji Jatau zai yi magana. Tun yana tafe daga nesa, hannu cikin riga, aka fara murmushi ana gyara zama.

"Ɓarawon kara ya iso," in ji Sallau daga bencin 'yan kwamiti. "Kowa shi riƙe hularsa."

Amsoshi suka taso wa Jatau har maƙogwaro. Ya haɗiye su, ya durƙusa gaban teburin Mushe Hilaire.

"Ranka shi daɗe, ƙara na kawo. Gardin rijiya ya dake ni."

Rumfa ta kece. Bafillace ya kawo ƙarar Ba'are gaban Arawa, fuska a murtuke, har da durƙuso! Kowa ya yarda bai taɓa yin wadda ta kai wannan ba. Tsohon mai doguwa ya share hawaye da gefen riga. Mushe Hilaire ya yi ta buga tebur da tafin hannu, ba wanda ya ji shi.

Jatau ya zaro hannun daga riga, ya ɗora shi a kan tebur da taimakon ɗayan. Ba a buƙaci a sake buga teburin ba.

"Ni na ga hannun nan bayan an kwance ɗori," in ji Henriette. "Mushe, ba sai an yi dogon zama ba. Duka ne."

Aka kira Mani. Ya shigo, ajidan, shugaban gardawa, na biye da shi. An ce tun da safe Mani ya ɗaure kayansa, don shi ma ya ji dokar kwamanda. Ya ƙame, ya sara.

"Kai ka yi mai haka?" in ji Mushe Hilaire.

"Ni ne, mushe."

"Don mi?"

"Ya ce mini bawa gaban mata. Ya ɗora hulata ga ƙahon sa."

Mushe Hilaire ya sunkuya zai rubuta. Da a nan aka tsaya, da Tsaunin Gawo ya shiga tarihi ta ƙofar da kwamanda ya so. Amma Sallau ya buga cinya.

"To mi kake so shi ce maka, sarki? Ni nan kullum bawa nike, ubana ma bawa ya mutu. Kai yaro, ba ka san abokin wasanka ba? Hannunka ne ya yi nauyi. Mushe, wagga ba shari'a ba ce, wasa ne ya wuce wuri."

Sallau bai faɗi haka don ya cuci Jatau ba. Ya faɗa ne don ya fid da shi daga abin kunya, yadda ake jefa wa mutum mayafi in zanensa ya kwance a kasuwa.

"Tun da anka sari garin ga ba a taɓa shari'ar wasa ba," in ji tsohon mai doguwa. "Kakana Bahillace ya tura shi rijiya. Da anka hiddo shi tare sunka ci tuwo."

"Da hannun dama ya ci, baba, ko da hagu?" in ji Henriette.

Aka yi dariya, don an ɗauka ita ma ta shiga wasan.

Mushe Hilaire ya ajiye alƙalami. Mutum ne mai son gaskiya, kuma Ba'are ne. Ya juya wajen Mani.

"Gardi, ka hwaɗa muna da bakinka. Wasa ne ko ba wasa ba?"

Mani ya dubi Sallau, ya dubi tsohon, ya waiwaya ya dubi ajidan. Ajidan yana nazarin rufin rumfa.

"Wasa ne, mushe," in ji Mani.

Mushe Hilaire ya ga inda abin ya nufa, bai kuwa so ba. Ya nemo wa Jatau ƙofa, ya buɗe masa ita da zuciya ɗaya.

"Malam Jatau, wasa mutum biyu ke yin shi. Shi ya ce wasa ne. In kai ba ka ɗauke shi wasa ba, ka ce gaban jama'a ka yi hushi da shi, mu kuma mu ce duka ne. Yau ɗin nan a ɗauke shi daga rijiya. Magana guda ce."

Sallau ya sunkuyo ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya kuma kira shi da sunansa, abin da bai yi ba tun suna yara.

"Jatau, ka yi hankali. Wanda ya yi hushi da Ba'are guda, da Arawa ya yi. Ni gonata taka ce, amma ban iya ruhe bakin gari. Kaka na tahe."

Ba barazana ba ce. Sallau yana faɗa masa yadda ƙasar take ne, kamar a ce wa mai tafiya akwai rami a gaba.

Jatau ya san ramin fiye da shi. In ya faɗi maganar, gobe shanunsa za su sha ruwan safe. Jibi kuma ya zama Bafillacen da bai san wasa ba, wanda ake gaisarwa da ladabi a wuce. Ba za a kore shi ba. Ba a korar kowa a Arewa. Sai dai in an yi girbi kowane mai gona ya tuna ya riga ya yi wa wani alkawarin kara, in saniyarsa ta ɓata hanya ta tsinki ganye a kira alƙali, Binta ta zaga gari da nono ta dawo da shi. Ruwan rani guda ke nan a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma duk abin da kakansa ya bar masa wanda ba saniya ba. Ya hango Binta a jikin ginshiƙin rumfa, ta juya fuska wajen daji. Ya dubi Mani, wanda ke ƙame yana kallon bango. Ya ji abin da ke cikin ƙirjinsa, ya kuwa san sunansa sarai: fushi ne.

Ya buɗe baki, abin da bakin ya saba shi ya fito.

"Ni in yi hushi da bawana? Mushe, ka taɓa ganin wanda ya kai jakinsa ƙara don ya yi harbi? Laihina ne, na matsa kusa ban sa mai linzami ba."

Waɗanda suka halarta sun daɗe suna cewa ba a taɓa dariya irin ta ranar ba. Hayaniyar ta fito da kwamanda daga biro, wato ofishinsa. Da aka bayyana masa, fuskarsa ta yi haske. Ya ce abin da Turai ke nema da alƙalai da lauyoyi, kakanninmu sun gama shi da dariya, kuma da kansa zai kai labarin Yamai. Ya sa su yi musafaha. Mani ya miƙa dama, yadda ladabi ya ce, Jatau ma ya miƙa tasa, kwamanda ya haɗa hannuwan cikin nasa yana girgizawa a ƙarshen kowace jimla. Jawabin ya yi tsawo. Henriette ta tashi tun bai kai rabi ba, ba ta kuma sake zama a bencin ba.

A hanyar ruga Binta na gaba, Jatau na baya. Sai da suka wuce gonaki ta yi magana, ba ta waiwayo ba.

"Ta yi kyau."

"Wace?"

"Ta jakin. Ban taɓa jin ta ba."

Mani ya kwance kayansa ya koma rijiya. Bai taɓa koyon mayar da magana ba, amma ya koyi abu guda, ya kuwa riƙe shi da kyau. Kullum in Jatau ya iso sai ya zo ya zunguri karkataccen hannun da sanda ya ce, "Wasa ne, Bahillace," ya nuna masa inuwar da zai jira. Garken ya ci gaba da zama na ƙarshe. Mutane suka ce wannan ma cikin wasan ne, su biyun nan ba a shiga tsakaninsu. Sauran gardawa sun yi nazarin hukuncin da kyau, abin da ya dame su kawai shi ne ba kowa ne Bafillace ba. Makiyaya ma sun yi nazarinsa. Ba a sake kai wa kwamiti ƙara ba, aka ƙara wa kwamanda girma saboda zaman lafiyar da ya samar.

Kafin ruwa ya sauka garken Jatau ya koma abin da Hawwa'u ke korawa ita kaɗai da tsumagiya. Sallau ya cika alkawari. Da aka yi girbi ya buɗe masa gonar tun ba a gama kwashe dammuna ba, kara ya ishi shanun da suka rage har ya yi saura. Da shuka ta zagayo ya yi masa ƙorafi, cikin wasa, cewa takin bana bai kai ko'ina ba, ɓarawon ya fara rowar kashin shanu.

Jatau bai daina wasa ba. Ba shi da ikon dainawa. Ran kasuwa a tare shi, ya maimaita ta linzami da ta doguwa, a yi masa dariya irin ta mutunci. Wata sabuwa ba ta ƙara fitowa ba. Mutane suka ce tsufa ne.

Bayan wasu damuna Mani ya gama aikin gwamnati. Wata ran kasuwa aka ga motar kaya a bakin bariki ana loda gado da buhuna da akwatin ƙarfe. Al'ada ce in taubashi zai bar gari a zo a raka shi da zagi, don haka Sallau ya je har inda Jatau ke zaune ya jawo shi.

"Tashi, ɓarawo, bawanka zai tsere. Ba ka zuwa ka yi mai kashedi?"

Jama'a suka biyo su. Mani na zaune a kan kaya, ba dara, ba bindiga, furfura ta fito masa. Jatau ya tsaya gaban direba, ya gyara murya yadda ake jira.

"Mai mota, wane ƙauyen Arewa za ka zubar mini da shi? In aika a ɗaure shi ga turke kahin in zo."

Direban baƙo ne, bai san nan ake dariya ba.

"Wace Arewa? Adar za mu, bayan Ilela. Gida zai koma."

"Gidan matarsa dai," in ji Sallau.

"Gidan ubansa. Unguwarmu guda, har kakansa na sani."

Ya leƙa baya ya ce a ɗaure igiya da kyau, ya ta da mota.

Ba wanda ya taɓa tambayar gardi ɗan gidan wa ne. Mani mutumin Adar ne, uwa da uba, kuma babu wasa tsakanin Adarawa da Fulani.